Aikin lambatu da kwalbatin layinmu: inda aka kwana

Asabar, 8 ga Fabrairu 2025

Jama'ar unguwa assalamu alaikum. Yau bayan la'asar an zauna a ƙofar gidan Baba Mai Unguwa kan maganar lambatun nan namu da ya cike, kuma tunda ni aka ɗora wa riƙon littafi na ga gara in riƙa rubuta duk abin da aka yi da ranarsa, saboda waɗanda basa samun zuwa taro, musamman iyayenmu mata da 'yan kasuwa da sai bayan isha'i suke shigowa gida. Abin da aka tsayar shi ne ba za mu sake bari damina ta same mu a haka ba. Kowa ya ga bara a Agusta da Satumba yadda ruwa ya dinga shiga gidajen ƙasan layi, katangar islamiyya ta tsage, masu keke napep suka daina shigowa gaba ɗaya, mace mai naƙuda ma sai an tallabo ta har bakin titi kafin a samu abin hawa. Mu ba a bakin kogi muke ba irin mutanen Kigo Road ko Rafin Guza ko Bashama Road da idan kogin Kaduna ya cika ba yadda za su yi, namu ruwan sama ne kawai da ya rasa hanyar wucewa, kuma wannan abu ne da hannunmu zai iya.

Inda aka daɗe ana ja shi ne kuɗi. Masu gida sun ce kowa ya biya daidai, 'yan haya suka ce ai gidan ba nasu ba ne gobe ana iya ba su notis, kuma gaskiya kowane ɓangare da hujjarsa. Daga ƙarshe Malam Liman ya raba gardama, mai gida dubu 10, mai shago dubu 5, ɗan haya dubu 2 ko ya fito aikin gayya da ƙarfinsa, zawarawa da gidajen marayu ba a ɗora musu komai ba. Ni na goyi bayan haka, don mafi ƙarancin albashi a jihar nan dubu 72 ne, kuma da yawa a layin nan ko albashin ma basu da shi, idan aka tsawwala mutane kawai za su daina amsa sallama ne. Duk wanda ya biya a ba shi rasit, wanda ya yi transfa ya nuna alat a rubuta sunansa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau ba a taɓa ko shebur ba amma a wajena yau ce ranar da ta fi amfani. Akwai wani dattijo a layi na biyu da ya yi aikin hanya shekaru kafin ya yi ritaya, kowa Baba Injiniya yake ce masa, shi da birkilanmu suka bi lambatun tun daga sama wajen masallaci har inda yake faɗawa rafi. Sun zo da doguwar tiyo fara da ake ganin cikinta, suka cika ta da ruwa, yaro ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin katanga birkila ya ja ɗayan bakin gaba, idan ruwan ya tsaya cak sai a ja layi da gawayi a nan da can, daga layin a saukar da tef zuwa gindin lambatu. Da haka aka gane cewa akwai wajen da maimakon ya gangara hawa yake yi, wato ko an kwashe shara tas ruwa zai ci gaba da kwanciya a wurin, shi ya sa ƙofar gidan Hajiya mai ƙosai bata taɓa bushewa ko da rani.

Sai babbar matsalar, kwalbatin da ke mararraba. Bututu ɗaya ne aka binne tun lokacin da bayanmu duk gonaki ne, yanzu layi uku ne ke juye ruwansu a cikinsa, ga rufin kwano ko'ina ga tsakar gidaje duk an shafe da siminti ƙasa bata shan komai. Baba Injiniya ya ce kamar ka juye bokiti a mazurarin manja ne. Na tambaye shi, "Baba, to idan muka haɗa kuɗi ba za mu iya canza shi da kanmu ba?" Ya ce, "Yaro, lambatu naku ne ku yi, amma wannan sai an fasa hanya, sai rodi mai kauri da kankare da lissafi, tifa na bi ta kai, idan kuka yi shi da ka ya rufta da wani ku za a kama." Ya kuma ce a fara daga ƙasa a hauro sama, don idan aka fara buɗe sama ruwa zai sauko da ƙarfi ya tarar da ƙasa a toshe, mutanen da muke son ceta su za mu fara cutarwa.

Akwai kuma shago ɗaya da aka ɗora rabinsa a kan lambatun. Ba zan faɗi na waye ba, an bar wa Baba Mai Unguwa.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Jiya aka yi gayyar farko kuma wallahi matasan layin nan sun fidda mu kunya, tun bayan asuba aka fito da diga da shebur da baro. Abin da ya fito daga cikin lambatun nan sai wanda ya gani, saman yashi ne, kana nitsa shebur sai baƙin taɓo mai wari, a cikinsa ledar fiya wata ce jingim ta manne da juna ta zama kamar bango sai an sa diga ana yankawa, ga famfas na yara ga robobin lemo ga tsofaffin silifas, har katifa guda aka jawo daga bakin kwalbati. Wani yaro kwalba ta yanke shi a ƙafa an kai shi kemis an wanke an kuma ce a kai shi asibiti a yi masa allurar tetanus, don haka sati mai zuwa ba wanda zai shiga ba takalmin roba, an sayo wasu daga kuɗin asusu tare da safar hannu. Iyayenmu mata sun aiko da kunu da ƙosai da ruwan sanyi ba tare da an roƙa ba, Allah ya saka musu da alheri.

Abu ɗaya da na nace a kai shi ne kada a bar taɓon a gefen hanya. Mun sha gani a wasu unguwanni a kwashe a tara a bakin lambatu a tafi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. An yi hayar tifa ta kwashe, kuɗin ya yi zafi amma ba makawa.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, ga zafi, don haka aikin ƙarfi ya tsaya sai ɗan abin da ake yi da sassafe. Mun yi amfani da lokacin wajen bin takarda, kuma a nan zan ɗan tsawaita don na lura da yawanmu bamu san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba, kowa gwamnati kawai yake cewa.

Garin Kaduna da muke gani ɗaya ƙananan hukumomi huɗu ne suka raba shi, Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun. Mutumin Rigasa yana ganin tashar jirgin ƙasa a ƙofar gidansa amma sakatariyarsa tana can Turunku, mutumin Sabon Tasha tasa tana Kujama, to mu mazauna gefen gari wannan nisan na daga cikin abin da ke sa mu haƙura da bin haƙƙinmu. Kuma lambatu da ƙananan titunan cikin unguwa da kwashe shara, kundin tsarin mulki na 1999 a jadawali na huɗu ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, har da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Manyan titunan jiha akwai KADRA, izinin gini da masu gini kan hanyar ruwa KASUPDA ce, tsaftar muhalli KEPA, takardun fili KADGIS. Namu kwalbatin a kan hanyar cikin unguwa yake, kenan ta hannun kansila za a fara zuwa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma.

Wasu a taro sun ce ɓata takarda ne kawai, ni ban yarda ba. A 11 ga Yuli 2024 kotun ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, duk da har yanzu ana ta kai ruwa rana kan yadda za a aiwatar a ƙasa baki ɗaya. A 19 ga Oktoba 2024 aka yi zaɓen ciyamomi 23 da kansiloli 255 a jihar nan. Ko ka fita zaɓen ko baka fita ba yanzu akwai mutum mai suna da kujera da aka ce shi ne wakilin mazaɓarka, to me zai hana mu kai masa buƙata a rubuce. Mun rubuta da Turanci da Hausa, Baba Mai Unguwa da Malam Liman da shugabar mata suka sa hannu, aka haɗa da hotunan ambaliyar bara da zanen da Baba Injiniya ya yi, kwafi ɗaya ga kansila ɗaya ga mai girma hakimi ta hannun dagaci, ɗaya aka kai sakatariya aka buga mana hatimin karɓa a kan namu. Wannan mai hatimin yana wajena duk mai son gani ya zo.

Asabar, 12 ga Afrilu

Barkanmu da sallah, an yi ta ranar Lahadi 30 ga Maris, kuma Alhamdulillah 'yan unguwa da ke aiki Abuja da suka zo hutu sun taimaka sosai, wani ya ba da siminti buhu 20 wani ya biya tifar yashi. Siminti yanzu yana kai-komo ne wajen dubu 10 buhu, shi ya sa aka fasa maganar sake ginin lambatun gaba ɗaya, inda bangon ke da ƙarfi an bar shi, inda ya zube da wajen nan mai hawa su ake fasawa a sake zubawa. Birkila ya tsaya kai da fata kan kwaɓi, kwano ɗaya na siminti biyu na yashi huɗu na tsakuwa, wani ya ce a ƙara yashi don siminti ya kai, birkila ya ce to a nemi wani ya yi ba da hannunsa ba. Na ji daɗin wannan. An kuma sa yara biyu suna yayyafa wa kankaren ruwa safe da yamma har sati, don rana bata barin shi ya yi ƙwari idan aka ƙyale shi.

Hadari ya fara haɗuwa, an ɗan yi yayyafi ranar Laraba.

Wata magana mara daɗi, da aka buɗe lambatun an ga gidajen da suka jona bututun masai kai tsaye a ciki. Ruwan wanka da wanke-wanke wannan an saba, amma na bayan gida dan Allah a ji tsoron Allah, yaranmu a nan suke wasa, masu abinci a bakin wajen suke, kuma da damina haka amai da gudawa ke shiga unguwa. An yi musu magana a asirce an ba su zuwa ƙarshen wata su haƙa sokawe.

Lahadi, 4 ga Mayu

Maganar shago ta ƙare lafiya. Mai shagon da farko ya ce shi haka ya saya kuma da kuɗinsa, aka yi ta aike, sai Baba Mai Unguwa ya taka da kansa bayan magariba ya ce masa, "Alhaji, ni ba rushe maka na zo yi ba, amma idan hukuma ta zo duba kwalbati ta ga wannan ba ni za ta tambaya ba, kuma ruwan da ka tare a ɗakin maƙwabcinka yake kwana." Alhaji ya yi shiru ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi yadda ka ce." An ja bangon baya, asusu ya ba da lebura shi ya sayi bulo, an zuba masa silab mai ɗagawa a ƙofa yadda za a iya buɗewa a share. Ina roƙon jama'a kada a mayar da abin na gori, mutumin nan ya yi asarar wuri kuma ya haƙura.

Kuɗi kuwa har yanzu akwai masu gidajen da basa zaune a unguwar, haya kawai suke karɓa ta hannun ejan, su ne suka fi wahalar samu. Mun ba 'yan hayarsu takarda su tura musu.

Asabar, 31 ga Mayu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kowa ya ga abin da ya faru a Mokwa ta jihar Neja shekaranjiya, ruwa ya zo da asuba mutane na barci, sama da mutum 150 aka tabbatar sun rasu banda waɗanda ba a gani ba. Bara a Satumba Maiduguri ce da madatsar Alau ta ɓalle. Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri. An yi musu addu'a jiya bayan Juma'a, kuma yau mutanen da basu taɓa fitowa gayya ba sun fito.

Labarin takardarmu, ranar Talata kansila ya zo da wani jami'i daga sashen ayyuka, suka auna kwalbatin suka ɗauki hoto, jami'in ya sauka har ciki ya leƙa. Bai yi mana alƙawarin ƙarya ba kuma na fi son haka, ya ce kasafin bana an riga an gama shi tun ƙarshen bara kuma aikinmu baya ciki, abin da za mu yi shi ne mu tabbatar ya shiga na 2026. A nan ya yi mana bayanin tsarin da ake kira CDC a jihar nan, inda al'umma ke zama su jera buƙatunsu bisa wanda ya fi muhimmanci a tattara a miƙa lokacin haɗa kasafi. Gaskiya wannan ne darasin da ya fi tsaya min, mu kullum sai ruwa ya ci mu a Agusta muke ihu, alhali mai rabon kuɗi takardar da ke gabansa lokacin rabo yake dubawa. Matsalar ita ce mazaɓarmu ba layinmu kaɗai ba ne, wasu taransifoma suke so wasu ajujuwan firamare wasu borehol, kuma duk buƙata ce ta gaske. Don haka an wakilta mutum uku su zagaya layukan da ruwansu ke bi ta kwalbatin nan a fahimtar da su cewa matsalar ta kowa ce, a tafi da murya ɗaya.

Lahadi, 22 ga Yuni

Hidimar babbar sallah ta ɗauke hankalin kowa, ba a yi wani aiki mai yawa ba sai sharar lambatu bayan layya, don wasu sun zuba kayan ciki da ƙaho a ciki. An gama zuba silab na mashigar gidaje shida.

Asabar, 19 ga Yuli

Daren Laraba aka yi ruwan da ya gwada aikin, tun wajen ƙarfe biyu yake zuba har aka kira assalatu. Na fita da tocila ni da 'yan sintiri muka bi layin. Daga masallaci har ƙofar Hajiya mai ƙosai ruwa gudu yake a cikin lambatu bai hau hanya ba, wajen nan da ke kwanciya shekara da shekaru da gari ya waye har ƙasa ta fara tsanewa. Amma a mararraba abin da Baba Injiniya ya faɗa shi ya faru, bututun ya cika ya shaƙe, ruwa ya taru ya haura hanya ya kai gwiwa, ya shiga zauren gidaje biyu na ƙarshe. Bai kai na bara ba kuma ya janye da wuri tunda mafitar rafi a buɗe take, amma Inna da ke gidan ƙarshe da na je gaishe ta da safe tana ta kwalfe ruwa da roba ta ce min, "Ɗan nan, na sama sun huta, mu fa?" Ban da amsar da zan ba ta sai cewa muna kan bi. Kada wanda ke saman layi ya ɗauka an gama don ƙofarsa ta bushe, ruwan da ya bar ƙofarka wajen su Inna ya tafi kuma yanzu ma ya fi saurin isa.

Ranar Alhamis matasa sun cika buhuna da yashi an jera a ƙofar gidajen biyu, an ɗaga musu dokin ƙofa da bulo layi biyu daga asusu. An kuma sa raga ta rodi a gaban kwalbatin tana tare leda, amma raga sai da mai kwashewa, idan aka bar ta ita ma toshewa za ta yi, don haka an raba kwana, duk ranar da aka yi ruwa gida biyu ne da alhakin dubawa.

Shara kuma an daidaita da masu baro uku, za su riƙa bi gida-gida Talata da Asabar, kowane gida ya biya su kai tsaye. Masu aiken almajirai da shara da daddare idan hadari ya taso, mun san ana yi, yaron ba shi da laifi wanda ya aike shi ne za a kai gaban Baba Mai Unguwa.

Asabar, 16 ga Agusta

An karanta lissafi a taron yau, abin da ya shigo da abin da ya fita da rasit ɗinsa, an kuma manna kwafi a allon masallaci da shagon mai POS, wanda ya ga abin da bai gane ba ya same ni ko ma'aji kafin Juma'a. Abin da ya rage a asusu ba zai wuce siminti buhu huɗu ba, an ce a ajiye shi saboda ko-ta-kwana tunda yanzu muke shiga tsakiyar ruwa, sai Oktoba ake sa ran sauƙi. Gidajen bututun masai duk sun gyara sai ɗaya, shi an ba shi sati biyu daga nan a kai maganar ga jami'an duba-gari.

Layi biyu cikin ukun sun amince kwalbati ya zama buƙata ta farko da za a miƙa, na ukun suna kan taransifoma don watansu biyu ba wuta, kuma ba wanda zai ga laifinsu, za a sake zama da su ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar a islamiyya. Kansila ya ce zai sanar da Baba Mai Unguwa ranar zaman mazaɓa, da zarar an ji za a yi shela a masallatai, kuma dan Allah mata a fito, ku ne kuka fi kowa sanin abin da ruwan nan ke yi a cikin gida. Duk wanda ya ɗauki hoto ko bidiyon mararraba ranar ruwa ya turo min da kwanan wata, ina haɗa su ne a takarda ta biyu da za mu kai sakatariya farkon Satumba. Masu duba raga na wannan satin gida na bakwai da na takwas ne.